Husufi Cikin Takaba

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, Hajiya Hadijatu ta shigo ɗakin tana jan akwatin ƙarfe. 'Yarta Zuhura na biye da ita, riƙe da kwado.

Mansura na zaune a tabarma. Ta biyo gawar mijinta Abdulaye daga Marseille zuwa Kotonu, daga can kuma a mota har Malanville. An binne shi. Mahaifinta, Malam Salifu, ya zo daga Guéné ya yanke magana: a gidan miji ake takaba, kuma gidan mijinta shi ne nan, wurin uwarsa Hajiya, ba ɗakin haya a ƙasar Turawa ba. Wata huɗu da kwana goma. Mansura ba ta yi gardama ba. Aikinta a cikin kwamfuta yake, kwamfutar kuma tana cikin jakarta.

Hajiya ta fara zuba kaya a akwatin. Turare, 'yan kunne, man shafawa, duk zanen da ke da launi mai haske. Zuhura ta sauke madubin bango ta fita da shi. Da aka zo kan tufafin Abdulaye, Hajiya ta ce a kai zaure a raba wa mabukata. Mansura ta zaro rigar sanyinsa guda ɗaya ta ɗora a cinya.

"Wagga kaɗai, Inna."

"Ba a riƙon kayan mamaci," in ji Hajiya. Ta janye rigar ta jefa kan sauran.

Sannan ta miƙa hannu ga jakar Mansura, ta zaro kwamfutar.

"Inna, wannan aikina na."

Hajiya ta ɗaga murfin. Kwamfutar a kashe take, gilashinta baƙi wuluk. Ta juya shi ya fuskanci Mansura.

"Mi kinka gani?"

Mansura ta ga fuskarta, kumburarriya, cikin ɗankwali mai duhu.

"Madubi na," in ji Hajiya. "Mai takaba ba ta kallon madubi."

Ta sa kwamfutar a akwati. Ta ɗauki salular Mansura, ta karkata ta ga haske, ta ga ita ma tana nuna fuska, ta sa ta. Jakar da faspo ke ciki ta bi su. Zuhura ta danna kwado. Hajiya ta ƙulle makullin a haɓar zaninta. Da za su fita, Zuhura ta ajiye wata tsohuwar salula mai maɓallai a gefen tabarma, ta ce don masu gaisuwa.

Aikin Mansura shi ne neman taurarin da haskensu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Can ƙasa-ƙasa a sararin kudu akwai wani tarin taurari, maƙwabcin tarin da ranarmu ke ciki, masana na ce masa Ƙaramin Gajimaren Magellan. Wata na'urar hangen nesa a kan dutse a ƙasar Chile tana ɗaukar hotonsa duk daren da sama ta yi garau. Kwamfuta ta auna hasken taurari miliyoyi, ta ware masu sauyawa. Daga nan sai idon mutum. Mansura ta yi shekaru tana duba zanen haskensu ɗaya bayan ɗaya, tana jefa kowanne a rukuninsa. Akwai masu kumbura su sace a kan lokaci, kamar ƙirjin mai barci. Da su ake auna nisan sama. Akwai biyu-biyu masu kewaya juna, ɗaya ya gifta gaban ɗaya, haske ya ragu. Akwai tsofaffi jajaye da ke kusan shekara kafin su kammala zagaye guda. Da yawa kuma shara ce kawai, tabon gilashi ko gajimare da ya wuce.

Tauraronta na cikin masu numfashi. An jefa shi a rukuninsa tun kafin ta zo, ba wanda ya sake waiwayarsa. Ita ce ta koma tsofaffin hotuna ta ga sau biyu, da shekaru a tsakani, haskensa ya faɗi sosai na kusan mako biyu, sannan ya dawo. Waɗanda suka riga ta sun ɗauka kuskuren na'ura ne, sun goge wurin. Ita ta ce aboki gare shi, wani tauraro marar haske sosai da ke gifta gabansa. Mai numfashi da ke da abokin husufi ana iya auna nauyinsa, kuma irinsu da aka sani ba su da yawa. Ta lissafa lokacin husufi na uku. Ya faɗo tsakiyar takabarta.

An ba ta 'yan sa'o'i a wata babbar na'ura, da sharaɗin ita za ta aika umarni ranar da hasken ya fara faɗuwa. Lambar tauraron ba ta gaya wa kowa a ofishinsu ba. Haka ake yi a sana'ar. Wanda ya auna ya rubuta, sunansa ke gaba a takarda, kuma mai sunan gaba ake ɗauka aiki. Kwantaraginta na ƙarewa a ƙarshen shekara. Idan husufin nan ya wuce ba a kalle shi ba, sai bayan shekara huɗu.

Abdulaye ya mutu tana kan dutsen Chile. Ciwon asma ya taso masa a ɗakinsu na Marseille. Ya kira ta, salularta na kashe, don mai aikin taurari da rana yake barci. Maƙwabta ne suka fasa ƙofa. Kowa a unguwar Hajiya ya san wannan labari. Zuhura ta tabbatar kowa ya sani.

Shi ne ɗan farin Hajiya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take ce masa. Idan ya kira daga Faransa, miƙa wa Zuhura salular take yi, ta koma gefe tana gyaran abin da ba ya bukatar gyara, kunnenta na wajen.

Damina ta yi nisa. An rufe iyakar Nijar, kamyoyin dakon kaya sun yi layi daga duwan, wato kwastan, har bayan gari, masu tsallakawa Gaya sai a kwale-kwale. Albasar da Hajiya ta saya don Nijar ta maƙale a ƙarƙashin rumfar tsakar gida tana gumi. Kullum da hantsi Hajiya na zama a kujerar tsugunno tana zaɓe, mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu. Warin ya shiga tufafin kowa.

Nan Mansura ta same ta. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, sa'a guda kullum, bayan azahar. Ki zauna kusa da ni ki ga abin da nike yi."

"Mi kike yi?"

Mansura ta ɗauki albasa biyu, babba da ƙarama. Ta riƙe babbar, ta kewaya ta da ƙaramar.

"Wanga tauraro na, wanga abokinshi. In ya gitta gabanshi, haske shi ragu. Sau guda cikin shekara huɗu. Ni kaɗai na san lokacin."

Hajiya ta karɓi ƙaramar, ta danna ta da babban yatsa, ta jefa ta hagu.

"In kin gani, sai mi?"

"Sai a san nauyinshi."

"Nauyin tauraro." Hajiya ta ɗaga murya. "Zuhura, zo ki ji. Matar yayanki awon taurari take yi."

Zuhura ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Da tiya ko da buhu? A awo mana tiya biyu, wutar kuran ta ɗauke tun jiya."

Ta yi dariya ta koma. Hajiya ba ta yi ba. Ta ci gaba da zaɓe.

"Shi kike kallo ranar?"

"Wace rana, Inna?"

"Kin san wace rana."

Mansura na iya cewa a'a. Taurari dubbai ta duba a tafiyar nan, ba wanda zai ƙaryata ta.

"Shi na," ta ce.

Hajiya ta gyaɗa kai. "Wancan ya jira ki har ya gaji. Wanga ma shi jira."

Da limamin unguwa, Malam Awal, ya shigo duba su, Mansura ta yi masa tambaya daga bayan labule. Ya yi gyaran murya ya ce abin da shari'a ta hana mai takaba shi ne ado da fita ba larura. Aiki ba a hana ba. Madubi ma al'ada ce. Hajiya ta saurare shi har ya gama, ta sa aka kawo masa fura mai sanyi.

"Na ji, Malam. Allah shi ƙara sani."

Makullin bai motsa daga haɓar zani ba. Malam Awal ya sha furarsa ya tafi.

Kwadon ƙarami ne, na kasuwa. Taɓarya ɗaya ta ishe shi. Mansura ta sha tsayawa a ƙofar ɗakin Hajiya tana kallonsa. Ranar kasuwa mahaifinta ya zo a kan babur, ya zauna a bakin ƙofarta, bai cire hularsa ta rana ba. Labarin tambayar da ta yi wa liman ya riga ya kai Guéné.

"Ɗiyata, mutane na cewa kin bar mijinki ya mutu shi kaɗai. Ni ban amsa ma kowa ba."

"Baba, aikina zai lalace."

"In kinka hwasa akwatin nan, ko kinka taka ƙohwar gidan ga, kin amsa masu da kanki. Ke kina da jirgin da za ki hau. Ni nan za ni zama, nan za ni sallar Juma'a, nan za a rufe ni."

Ya ajiye mata ƙullin dabino ya tashi. Shi ya sayar da shanu biyu ya kai ta lakkwal, makarantar boko, a Parakou lokacin da 'yan uwansa ke masa dariya. Bai taɓa ambata ba. Yau ma bai ambata ba.

Saura abu ɗaya a hannunta, ta yi ta jinkirin fito da shi.

Abdulaye ba ya son rubutu a salula. Murya yake turowa. Yana tuƙi, yana dahuwa, yana jiran likita. Ina ta ajiye yaji. Wa ya ci wasa. Wata waƙar Dendi da bai taɓa iya ƙarshenta ba. Duk suna nan cikin salular da ke akwati, kuma ba su da kwafi a ko'ina.

Da husufin ya matso, ta sake durƙusawa a gaban tarin albasa. Ya ragu da rabi, rabin ba sayarwa aka yi ba.

"Inna, muryarshi na cikin salular nan."

Hannun Hajiya ya tsaya.

"Saƙonni da yawa. Akwai wanda yat turo kwana kaɗan kahin rasuwar. Maganarki yake yi."

"Mi yac ce?"

"Ki buɗe ki ji da kunnenki."

Hajiya ba ta dube ta ba. Hannunta ya gangara zuwa haɓar zani, ya sami ƙullin, ya tsaya a kai. Mansura na ganin shatar makullin a cikin yadi. Kaza ta shiga cikin ruɓaɓɓiyar albasa, ba wanda ya kore ta.

"Ciniki kike yi da ni," in ji Hajiya a hankali. "Da muryar mamaci."

"Roƙo nike."

"Shekara arba'in ina kasuwa. Na san ciniki." Ta saki ƙullin ta ɗauki albasa. "Murya ba ta ruɓa. Ta jira."

Mansura ta koma ɗaki ta zauna. Hanya biyu suka rage. Ta yi shiru, husufin ya wuce ba wanda ya kalle shi da babbar na'ura, tauraron ya zauna nata har shekara huɗu, lokacin da wataƙila ba ta cikin sana'ar. Ko ta ba wani lambar. Ta kwana biyu tana juya abin. Ba adalci take tunani ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne abokin tauraron nan zai gifta, a kan lokacin da ta ce, kuma ba mai kallo.

Lambar ofishinsu kaɗai ta haddace. Ta kira da ƙaramar salular, ta katse. Ba a jima ba Khamis ya biyo kiran. Ɗan Tunisiya ne, teburinsa na kallon nata, shi ya kai ta filin jirgi da gawar. Da Zuhura ta ji muryar namiji, ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Mansura ta rage murya. Da Faransanci suka yi maganar.

Ta gaya masa komai a taƙaice. Ya yi wata 'yar dariya ta mamaki.

"Shekara nawa kina zaune a kan wannan, ina gabanki?"

"Biyu."

"Mansura, awo kawai zan yi in ajiye miki. Ba mai taɓa komai sai kin dawo."

"Farfesa fa?"

"Dole in gaya masa, shi ne shugabanmu. Da sunan ƙungiya aka ba ki na'urar."

"Ka ce masa nawa ne."

"Kowa zai san naki ne."

Ta san yana nufin abin da ya faɗa. Ta kuma san ofishinsu. Ta karanta masa lambar tauraron, ya maimaita. Ta gaya masa makon da zai fara sa ido, da yadda zai bambance faɗuwar husufi da sacewar da tauraron ke yi ta yau da kullum. Sannan ya tambayi kalmar sirrin da zai shiga da ita ya aika umarni.

Sunan Abdulaye ne, da shekarar aurensu. Ta faɗa. Rezon salula ya yanke, ta sake faɗa da ƙarfi.

Zuhura ta ajiye faifan shinkafa.

"Inna! Sunan yayana take kira ma wani ƙato! Gatsau, har sau biyu!"

Kafin la'asar ƙaramar salular ta shiga akwati ita ma. Hajiya ta ce masu gaisuwa sun ƙare, wanda bai yi ba ya zo da ƙafarsa.

Ranar da husufin ya kamata ya fara, Mansura ta share ɗakinta ta wanke zanenta. Ta san gari ya waye a Chile lokacin da ake kiran azahar a Malanville, ta san awon daren jiya ya shiga kwamfutar ofis. Ba ta san komai bayan wannan ba. Kogi ya cika ya fara janyewa. Aka kwashe sauran albasar a amalanke aka zubar. Shinkafar gonakin Garou ta nuna. Mansura ta rame, ta koyi zama wuri ɗaya. Hajiya na aiko mata abinci mai kyau kullum, da nama.

Ranar fita takaba mata suka cika gida. Aka yi mata wanka, aka ba ta sabon zane, aka soya waina aka raba. Hajiya ta sa aka fito da akwatin zuwa tsakar gida, ta kwance makullin a gaban kowa.

"Ɗiyata ta yi haƙuri," ta ce wa matan. "Duk da karatun Turawa. Ko ƙohwa ba ta leƙa ba."

Matan suka sa albarka. Wata ta fesa wa Mansura turare a wuya.

An yi sa'a akwai wutar kuran. Mansura ta shiga ɗaki ta jona kwamfuta da salula, ta zauna tana jira su farfaɗo. Rezo na jan ƙafa. Saƙonni suka dinga shigowa kaɗan-kaɗan.

Takardar binciken ta riga ta fita. Lambar tauraronta na cikin kanun. Sunan Farfesa ne a gaba, na Khamis na biye, sai wasu biyar, biyu daga cikinsu ba ta san su ba. Ta gangara har ƙasa. Can kusa da godiyar da aka yi wa masu kula da na'ura, an gode wa M. Salifu da ta fara jawo hankalinsu ga wannan tauraro.

Saƙon Khamis dogo ne. Da hasken ya faɗi, wata ƙungiya a wata ƙasa ta lura ita ma, ta fara tambaya. Farfesa ya ce ko su fitar yanzu ko a riga su. Mujallar kuma ba ta yarda a sa sunan wanda bai karanta takarda ya amince da ita ba. Ya kira ƙaramar salular kullum har mako uku, tana ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Ya nemi ta yafe masa. Ya ce Farfesa zai rubuta mata shaida mai kyau duk inda za ta nemi aiki.

Ba ta amsa ba. Ta buɗe zanen hasken.

Ta daɗe tana kallonsa. Ga numfashin tauraron, hawa da sauka, hawa da sauka. Ga ramin husufin a tsakiya, mai zurfi, gefunansa sumul, numfashin na ci gaba a cikinsa ƙanana-ƙanana. Ya fara ƙasa da yini ɗaya daga lokacin da ta lissafa. Sun auna nauyin. An cire tauraron daga rukunin da ya daɗe a ciki, an sa shi inda ta ce. Ba ta taɓa ganin zane mai tsabta kamarsa ba.

Ta rufe kwamfutar ta fara haɗa kaya.

Bayan la'asar baƙi suka watse. Hajiya ta shigo ita kaɗai, ta saki labule. Mansura na bakin gado. Hajiya ba ta nemi kujera ba, ta zauna a ƙasa, a kan tabarmar takaba da ba a naɗe ba tukuna. Ta gyara zanenta. Ta sake gyarawa.

"Kin ce akwai murya."

"Akwai."

"To." Ta rage murya. "Ina son in ji Abdulaye."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar baƙon harshe. Ta sunkuyar da kai bayan ta faɗe shi.

Mansura ta zare salular daga caji. Ta buɗe hirarsu. Hotonsa na sama, yana dariya a bakin teku da hular sanyi. Ta nuna wa Hajiya. Hajiya ta kai yatsa kusa da gilashin, ba ta taɓa ba. Mansura ta gangara cikin saƙonnin, ta sami wanda take nema, ta danna.

Ƙarar mota ta fara fitowa, sannan gyaran muryarsa.

"Mansura, kin tashi? Saurara, maganar Inna ta. Jiya na yi ta tunani, ban taɓa hwaɗa mata ba, amma in kin dawo ina son..."

Mansura ta tsayar.

Idon Hajiya a rufe yake, tafin hannunta a buɗe a kan gwiwa. Ta jira. Ta buɗe ido.

"Ya tsaya. Rezo na?"

"A'a, Inna."

Mansura ta koma saman hirar ta danna. Salular ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Hoton ya ɓace, saƙonnin suka bi shi, da yajin, da wasan, da waƙar da ba ta da ƙarshe. Ta miƙa wa Hajiya salular. Hajiya ta karɓa da hannu biyu ta kanga a kunne.

"Ba ni jin komi."

"Na share su. Duka."

"Maido."

"Ba su dawowa."

"Zuhura ta iya. A kai ma masu gyara, kasuwa."

"Ba mai iyawa." Mansura ta ja zip ɗin jakarta. "Ba a riƙon kayan mamaci, Inna."

Hajiya ba ta sauke salular daga kunne ba. Sai da Mansura ta ɓamɓare yatsunta ɗaya-ɗaya kafin ta karɓa. Ta sa ta a jaka, ta rataya kwamfuta, ta fita. Zuhura na tsakar gida tana wanke kaskon waina, ta ɗago ta bi ta da kallo.

Kar ɗin Kotonu, babbar motar fasinja, na tashi da yamma. Mansura ta tsayar da kabu-kabu a ƙofar gida, mai babur ya ɗora jakar a gabansa. Dattawan unguwa na zaune a kan benci a inuwar zaure.

Hajiya ta fito ba mayafi, ba takalmi. Dattawan suka kawar da kai. Ta kama ƙarfen bayan babur ɗin.

"Ke kin ji shi har ƙarshe. Mi yac ce? Mi Abdulaye yake son hwaɗa mani?"

Mansura ta hau ta gyara zanenta.

"Hwaɗa mani, ɗiyata. Don Allah."

"Abokin tauraron nan zai sake gittawa bayan shekara huɗu," in ji Mansura. "In ya gitta, ki aiko a tambaye ni."

Ta taɓa kafaɗar mai babur. Ya dubi tsohuwar, ya dubi dattawan. Ya ja a hankali, har hannun Hajiya ya saki ƙarfen.